Amoke Mai Faɗa Da Zakara

Litinin, 2 ga Oktoba

Mun dawo da mijina Baba Lekan daga asibiti. Hannun dama ya mutu, ƙafa sai ja, baki ya karkace. Duk wannan zan iya ɗauka. Maganar ce ta kashe min jiki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da 'yan aji biyu, har duk garin Iseyin aka manta sunansa sai Tisha, wanda ko amala yake ci sai ya yi wa miyar sharhi, yau kalma ɗaya ta rage masa a baki: "Shiru." Za ka sha koko? Shiru. Liman ya zo dubiya, ya ɗaga hannu zai fara addu'a, mutumin nan ya dube shi ya ce, "Shiru!" Na rasa inda zan sa fuskata.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ɗanmu Lekan ya bugo daga Legas. Wai in wata ya ƙare babansa bai yi magana ba, zai zo ya tafi da shi. Can saman bene, inda babu mai leƙowa ya ce Tisha ina kwana. Ni kuma ko in rufe rumfar alabona in bi su, ko in zauna da kaji. Na kashe wayar tun bai gama ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Asibiti sun turo wata, Morenike, wai likitar magana. Ta durƙusa ta gaishe ni da kyau, ba laifi. Ina jira ta fito da allura, sai na ga ta kama hannunsa na hagu tana bubbuga masa a cinya, tana rera "ina kwana" kamar mai rarrashin jariri. Innalillahi! Dattijo mai furfura!

Ta ce, "Mama, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ka ba. In ta magana ta toshe, wani lokaci ta waƙa tana nan a buɗe. Wace waƙa Baba ya fi sani? Cikin waɗanda ya tsara wa yara."

Na ce ban san ko ɗaya ba. Ta zaro ido. Na ce ke, lokacin da yake wannan shirmen ni ina shanya doya, da waƙa ake cika tukunya? Ta ce in tambayi tsofaffin ɗalibansa.

Laraba, 11 ga Oktoba



Na je sayen nama wurin Raufu, tsohon ɗalibinsa, na tambaye shi a hankali ko yana tuna wata waƙar Tisha. Ƙaton mutum da tumbi da 'ya'ya a jami'a, sai ya ajiye wuƙa, ya goya hannu a baya, ya daddage:

"Litinin Amoke ta yi faɗa da zakara,
Talata da guga a bakin rijiya,
Laraba da murhu, Alhamis da tsintsiya..."

Kafin ya kai Juma'a, Iya Muinat mai tattasai ta karɓa. 'Yan acaba biyu suka kashe inji suka shiga. Har mai faskare. Rabin kasuwa na ta tafawa, wai da ita suka koyi kwanakin mako.

Amoke ni ce. Sunan kirarin da mahaifiyata take lallashina da shi ne, kuma tun da ta rasu ba wanda ya san shi sai Baba Lekan. Kowa Iya Lekan yake ce min. Zakaran ma gaskiya ne, wani ja, shekarar aurenmu, na bi shi da muciya har gidan maƙwabta. Ashe shekara da shekaru yaran garin nan da faɗana suke lissafin mako, ina zaune a tsakiyarsu ina auna musu alabo!

Ban tsaya jin Juma'a ba, na juya ko naman ban ɗauka ba. Raufu na ta kira, "Mama, ai saura ƙarshen!" Ya riƙe ƙarshensa.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na tsaya a kansa na ce, "Baba Lekan, ni ka mayar allon koyar da yara? Ni?" Ya ce, "Shiru." Amma gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Wannan karon da gangan ya faɗa, na rantse.

Talata, 17 ga Oktoba

Na gaya wa Morenike an sami waƙa amma ba zan yi ba. Ban ce mata don me ba. Ta ce in zan yi, in rera layi in bar masa kalmar ƙarshe, kada in taya shi ko da ya daɗe. Da za ta tafi ta ce, "Mama, watannin farko su ne na zinariya." Kamar ban san wata na tafiya ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Lekan ya ce ya sa an gyara ɗakin da babansa zai zauna a Legas. Ban ci abinci ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na yi. Da hantsi, na kulle ƙofa don kada wani ya gan ni. Na kama hannun nasa, ba da taushi ba, na ce, "Litinin Amoke ta yi faɗa da..." Na yi shiru. Ya yi ta kokawa da leɓe, gumi na keto masa, har na ce a raina wannan azabtarwa ce kawai. Can sai na ji, "Za...kara."

Na saki hannun kamar na taɓa wuta. Muryarsa ce, ta ainihi. Na yi Talata, ya ce "rijiya." Na yi Alhamis, ya ce "tsintsiya." Daga nan na tsaya, don iyakar abin da na ji ke nan. Ya yi ta kallona yana jiran sauran. Na aika a kira min Raufu gobe.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Raufu kaɗai na kira, su takwas suka zo. Mazan suka zube ƙasa suka gaida Tisha, matan suka durƙusa, sannan suka jeru a tsakar gida kamar 'yan aji biyu. Na tsaya bakin madafa ina kumbura. Juma'a wai da tabarya na yi, Asabar da ɓera. Lahadi "ta yi dariya, sai rana ta fito." Na ɗauka an gama ke nan.

Sai duk suka ɗaga murya: "Tisha, Tisha, mu kai ta kasuwa?" Suka yi tsit. Raufu ya raɗa min, "Wannan layin nasa ne, Mama, shi kaɗai yake faɗa."

Ya daɗe. Iya Muinat har ta fara share ido. Sai ya juyo da kansa, ba wajensu ba, wajen madafa, ya rera a karkace amma kowa ya ji: "A'a, ku bar min Amoke."

Na zauna a kan turmi. Raufu ya dube shi, ya dube ni, ya buɗe baki. "Mama! Kar dai ku ce..."

Na ce, "Shiru!"

Har Baba Lekan sai da ya yi dariya.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na kara masa waya a kunne, ya ce "Le...kan." Yaron ya fashe da kuka. Na ce ya ba da hayar ɗakin nasa, babansa ba ya zuwa ko'ina.

Ba wai na yafe ba ne. In bakinsa ya gama warwarewa akwai shari'a, musamman maganar ɓera, don ƙarya ce.

Zakaran gidan nan bai yi min komai ba yau. Na dai bi shi da muciya, da ƙarfi, ta gindin tagar ɗakin Baba Lekan. Ai Litinin ce.