Jakar Inna Ta Ƙi Sikeli

Illela, ranar Talata

Zuwa ga autata Mahbuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sufyanu da karatunsa. Yaya nauyin jiki? Yaya zaman Indiya? Allah Ya raba lafiya. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata da ta riga ni tsufa.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu malam ya ce ubanki zai fi amfani a bayan jaki, kuma bai yi ƙarya ba.

Takardun tafiya sun fito, duk Illela kuwa an sami abin dariya: wai Na'Allah za shi wankan jego. Abokan hirata na bakin tasha sun ce in tafi da ganyen darbejiya, in koyi dama kunun kanwa. Na ce su yi ta yi. Innarki ta yi miki alkawarin zuwa haihuwarki ta fari, Allah Ya karɓe ta bara, to ni zan je in zauna a gurbinta. In ban iya wankan ba ai na iya hura wuta.

Na gane bayaninki. Babban jirgi zai sauke ni Delhi, sannan in shiga na cikin ƙasa zuwa garinku, shi kuwa ba ya yarda jakar hannu ta wuce kilo bakwai, kuma sai ta shige wani akwatin ƙarfe na awo. In ta wuce, su karɓe ta su jefa ƙasan jirgi cikin kaya. Kilo bakwai! Mi mutum zai ɗauka, rawaninsa?

Sallahun dangi na Tozai da Garu, su kilishi da daddawa da yajin jego, na tura su babban akwati. A hannu zan riƙe koriyar jakar nan da Innarki ta sayo Kwanni don wagga tafiya, wadda ke rataye bayan ƙofarta. Na sa riguna biyu, magani, da zanin goyon da ta tanadar miki. Maharazu mai sikelin wake ya auna, kilo biyar. Yari mai walda kuma ya ƙera mini akwatin ƙarfe da awon da kika aiko, ta shige salin-alin. Kin ga ubanki ya waye.

Ki gaida maigidanki. Naki,
Baba Na'Allah

Illela, ranar Litinin

Mahbuba ɗiyata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafafun sun rage kumburi. Ki karanta wagga ke kaɗai.

Jiya ranar kasuwa na koma da jakar wurin Maharazu, ba don komi ba sai don mutane su ga mai tafiya ƙasar waje. Ya ɗora, sai ga bakwai da rabi. Wallahi ko allura ban ƙara ba. Na ce sikelinsa ya saba cutar manoma, yau ya kai ga dattijo. Ya ji haushi ya ja ni wurin mai albasa, nan ma bakwai da rabi. Sai na zazzage kayan a tsakiyar kasuwa, jama'a na ta dariyar wandona. Muka ɗora jakar ba komi cikinta. Allurar sikeli ta tashi ta tsaya kan uku da rabi.

Dariya ta ɗauke. Maharazu ya juya ta, ya kakkaɓe, ya laluba ɗinkin ko an ɓoye wani abu. Da ya zura hannu ciki sai ya zare da sauri, ya goge a rigarsa. Ya ce cikin da ɗumi. Ya roƙe ni don Allah kada in sake kawo masa ita.

Na hau kabu-kabu zuwa gida, jakar na bayana. Mai babur baƙo ne daga Nijar, bai san ni ba, bai san gidanmu ba. Muna cikin tafiya, ko waiwayowa bai yi ba, ya ce in gaya wa Hajiya ta gyara zama, babur na karkata. Ni da ba a raba ni da magana, har gida salati kawai nake yi a zuci.

Na sami liman bayan la'asar. Ya ce mamaci addu'a yake buƙata, ba tafiya ba, in yi sadaka in bar waswasi. Gaskiya ya faɗa, na kuma yi. Sai dai ita jakar ba ta zauna karatu gaban liman ba.

Kada ki sa wa ranki damuwa. Ubanki,
Na'Allah

Illela, ranar Juma'a

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Malam Sufyanu da ɗawainiya.

Na ji saƙonki, cewa in bar jakar in sayi wata. Na gwada. Na mai da ita bayan ƙofa, na ja ƙofar na sa kwaɗo, na tafi masallaci. Da na dawo da rana tsaka na iske ta kan tabarma a zaure, tana fuskantar hanya. Haka Innarki ke zama da mayafinta in za mu biki ina ta jan jiki. Zauren duk ƙamshin turarenta. Kwaɗon kuwa yana nan a kulle.

Na sayi ɗan sikelin ƙugiya irin na mahauta, tunda kasuwa ta guje ni. Yanzu ba komi cikinta, shida da rabi take, kullum kuma tana ɗan ƙaruwa. Akwatin Yari sai na danna take shiga, shekaranjiya har na ji bakina yana ce mata sannu.

Kin ce in ta yi nauyi ba wani abu ba ne, a sa ta ƙasan jirgi. A'a, Mahbuba. Matar da ta zauna da ni tun ina tallan goro a kan iyaka, ba zan tsaya ina kallo a liƙa mata takarda a wurga ta cikin duhu da sanyi, a ɗora mata akwatunan mutane ba. Ko ita ce ko ba ita ba ce, Allah Ya sani. Ni dai ba zan gwada ba.

Saboda haka rigunan duka a jikina zan jibga su, magani a aljihu, zanin goyo a wuya. In kin ga wani tsoho kamar buhun gero yana gumi, ubanki ne. Jakar za ta tafi wayam.

Ɗazu na rataye ta a sikeli na zauna na yi mata bayani. Na kira ta da sunan Innarki, na ce Sakinatu, dokar mutane ce, bakwai suka ce, ki taimaka ki tsaya haka nan. Allurar ta yi rawa, ta ɗan ƙara gaba. Da ma yaushe ta taɓa jin maganata kan kaya?

Gobe da safe zan kama hanyar Sakkwato. Ki yi addu'a ta yi haƙuri har a wuce wurin awo. In Malam Sufyanu ya je tarba ya ga kowa ya fito ban da ni, kada ki tsorata, kada ki yi kuka da tsohon ciki. Sun ce ta wuce kilo bakwai ne, mun juyo gida, ni da ita.

Allah Ya sauke ki lafiya. Ubanki mai ƙaunarki,
Na'Allah Illela