Bukar Ɗin Da Suke Nema

Zuwa ga ƙanena Kabiru,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko lokacin da kake raye ma ba karanta saƙona kake yi ba, sai dai ka kira ka ce in faɗa maka a taƙaice. To yau babu taƙaitawa, domin raina a ɓace yake, kuma kai ma kana da rabonka a ciki.

Inna tana nan, ƙafar ce dai kamar kullum. Falmata tana takabarka. 'Yarka Yagana ta fara takawa, tana bin bango. Kekenka na haya kuwa ba a samu abin ɗauka a jikinsa ba.

Ka san yadda ka tafi: kana sauke fasinja a bakin tasha bam ya tashi. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba magana ta fara yawo a unguwar Bulabulin, wai kai ka kawo wanda ya tayar da shi. Masu zuwa gaisuwa suka ragu. Matan da Falmata ta yi wa wankan jego suka koma aiko gaisuwa daga nesa. Samarin sa-kai masu gora suka zo har ƙofar gida suna tambayar inda abokinka Bukar yake. Daga ƙarshe mai gidan da kuke haya ya aiko cewa ta kwashe kayanta kafin Juma'a. Mace mai takaba, Kabiru! Wadda addini ya ce ta zauna a ɗakin mijinta har ta gama. Mutumin nan sahun gaba yake salla.

A ɗakin labarai an koya mana kada mu buga magana sai mun san bakin da ta fito. Na bi wannan har tushenta, na same shi a teburin mai shayi. Mai facin nan da ake kira Ba Modu ne ya fara. Ya ce shekara da shekaru yana jin kana labarin wani Bukar da babu wanda ya taɓa gani. Yau ka ce ya ji rauni a kafaɗa, gobe ka ce ya koma wani gari. Ya ce a wannan zamani mutumin da ake jin sunansa ba a ganin fuskarsa, ai an san inda yake. Hujjar ke nan gaba ɗayanta. Da wani ɗan koyo ya kawo min irinta a ofis, da na mayar masa da takardarsa.

Ni kuwa na san Bukar. Na tuna shekarar da aka katse layukan waya, aka rufe gidajen kallon ƙwallo, dokar hana fita ta tsare mu a gida tun rana ba ta faɗi ba. Ka sayo tsohuwar na'urar gem, irin wasan da ake yi a talabijin, a wurin 'yan gwanjo, faifai ɗaya ne kawai ya yi aiki a cikinta, shi ma na ƙwallon Amurka, wadda ake wasa da hannu da wata ƙwallo mai kama da gwanda. Kowa ya yi maka dariya. Kai ka zauna ka koya. Ka ƙirƙiri ɗan wasanka, ka ba shi tsawo da launin fata da lamba a baya, ka sa shi a matsayin mai jifa, wanda ke tsayawa bayan sahu yana ba da umarni, kwatabak in ji masu wasan. Ka sa masa suna Bukar Wulari, unguwar da aka haife mu.

Da bakinka ka dame ni da tarihinsa. Ya fara a benci, babu mai kallonsa. Ranar da aka fara sa shi ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo har ƙungiyar ta sha kashi. Ya karye a kafaɗa, kakar wasa guda ta wuce shi, ƙungiyarsa ta sayar da shi kamar tsohon keke. A sabon garin ne ya tashi, ya kai su wasan ƙarshe ya faɗi, ya sake kai su ya ɗauko kofi. Ranar ka shigo gidan Inna da tsire kamar an yi maka haihuwa.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona min rai. Shi Ba Modu jahilci ne ya ɗebe shi, bai taɓa shiga ɗakinka ba. Amma Mustafa fa? Amininka, wanda ya zauna a kan katifarka yana ihu duk sanda Bukar ya yi jifa? Yana wurin aka yi maganar, ya sunkuyar da kai yana juya shayinsa. Na same shi a shagonsa. Ya ce min in yi haƙuri, yana da yara, kuma duk wanda ya ce ya san Bukar shi za a fara ɗauka. Na san tsoron nan, ni ma a garin nake kwana. Amma kalma ɗaya ce fa. Gem ne. Ita ce ta gagare shi.

Kai kuma me ya hana ka faɗa musu tun farko? Me ya sa in an tambaye ka wane ne Bukar sai ka yi murmushi ka ce wani ɗan'uwanka ne? A garin nan, a shekarun nan, Kabiru?

Na je wurin Bulama mai unguwa na roƙe shi ya tara mutanen layi bayan la'asar. Na ari janareta, na sa aka fito da talabijin ɗinka ƙofar gidansa. Inna ta ce sai ta zo, ta naɗa lafayarta aka kawo ta. Ban iya riƙe abin dannawar ba, sai na bar na'urar ta buga wasan da kanta. Ga Bukar ya fito, sunansa ɓaro-ɓaro a bayan riga. Na ce wa samarin ga wanda suke nema, su ɗauke shi. Jifansa na farko ma a ƙasa ya faɗi. Yara suka bushe da dariya, manya suka bi. Ba Modu ya ce ashe ɗan tsana ne, kamar wani ne ya yaudare shi. Bulama ya ce magana ta mutu, Falmata ta zauna a ɗakinta. Mai gidan ya ce shi dama bai taɓa yarda ba. Mustafa ya matso yana yi wa mutane bayanin dokokin wasan.

Babu wanda ya ce a yafe masa. Ko ɗaya. Dariya suka yi suka watse, kamar ba su ne suka hana marainiya barci a gidan ubanta ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Tun ranar da ka nuna min shafin bayanansa na ga shekarar haihuwar da ka sa masa. Shekarar Bukar ɗinmu ce, ƙanenmu da ƙyanda ta ɗauke yana goye, wanda ba ma ambaton sunansa saboda Inna. Na gane, na yi shiru, na ɗauka kai ma shirun kake so. Ashe gaskiya kake faɗa musu. Ɗan'uwanka ne.

Inna ba ta karatun boko, amma ta ji sunan. Ta sa aka kai talabijin ɗin ɗakinta. Jiya da aka kawo wuta na kunna mata, sai na'urar ta rubuta cewa Bukar ya manyanta, ƙarfin hannunsa ya ragu, tana tambaya ko ya yi ritaya. Na fassara mata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in bar shi ya ci gaba, tunda cikin 'ya'yanta maza shi kaɗai aka bari ya tsufa.

Na danna a'a. Gobe yana da wasa.

Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da wancan Bukar ɗin. Su kuma ban yafe ba tukuna.

Yayarka,
Hajara