Zuwa ga Inna, Wadda Ta Ɗauki Amya a Ka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Innata.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifiyarta, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, ina sanar da ke muna nan lafiya, ni da jikokinki da 'ya'yansu. Su ne suka matsa mini da tambaya, wai me ya sa nake barin ciyawa ta rufe bayan ɗaki, ba na yarda a nome. Na rasa yadda zan ba su amsa da baki, shi ne na ce bari in rubuto miki, su da duk mai so su karanta.

Kin tuna shekarar da aka ce mu tashi, ruwan dam ɗin Bakolori zai cinye tsohon garinmu na ƙasar Maradun. Ina budurwa ƙarama lokacin. Baba mai zuma ne, amyoyinsa na rataye a kan ɗorawoyin bakin gulbi, kuma duk an sare su ko an bar wa ruwa. Amya ɗaya ya tsira da ita, ita ma babu ƙudan zuma a ciki.

Ranar tashi, motar kaya na tsaye, direba na ta danna ham, aka neme ki aka rasa. Ni aka aika. Na same ki durƙushe a bakin fadama da hauya, kina tono albasar kwaɗi kina zubawa a ƙwarya, kin riga kin zage irin gadagi kin ƙulle a gefen zane. Da muka iso bakin motar Baba ya ce, “Mutane na kwasar hatsi, ke kina kwasar ciyawa.” Kika rungume ƙwaryar a cinya har muka isa.

Sabon wurin jan tsakuwa ne, babu inuwa ko ta kaza. An jera gidaje danga na jingine da danga, an cakuɗa mutane, wanda ba ka taɓa haɗa unguwa da shi ba ya zama maƙwabcinka. Mu Mani muka samu, da matarsa Luba mai goyo. Fadamarsa ta fi ta kowa kyau a da, ruwa ya shanye ta, tun daga nan ba a ƙara ganin haƙoransa ba.

Baba ya turara amyar, ya ɗaura ta a kan gwafa a bayan ɗaki. Aka yi ta jira, ko ƙuda ɗaya bai leƙo ba. Da abinci ya fara ƙarewa a rumbu, ya ɗauki sandarsa ya nufi wajen Bakura neman aikin gona.

Bayan tafiyarsa kika fara. Kika farfasa tsakuwar nan har hannunki ya yi kanta, kika zuba kashin awaki da toka. Kika binne albasar da zurfi, kika gauraya irin gadagi da yashi kika watsa a kai. Ruwa daga nesa muke ɗebowa, don haka ba ki taɓa zuba musu mai kyau ba, sai na alwala da na wankin hatsi. Kika kafa mini doka: kada in cire ko tsinke, kada akuya ta shiga, sai fure ya zube da kansa. Da na tambaye ki amfanin wahalar, kika ce, “Ɗiyata, zuma ba ta zama inda babu abinci. Mu ma da muna da fiffike da ba mu kwana nan ba.”

Ruwan farko na sauka, albasar ta ɓullo da fararen furanni masu jan zane, ƙamshinsu har zaure. Gadagi ya biyo baya, ya shimfiɗe kamar tabarma, da ƙananan furanninsa da sai an sunkuya ake gani. Malam-buɗe-littafi ne ya fara zuwa. Sannan ƙudan zuma, ɗai-ɗai. Gab da kaka, wata hantsi, sai ga su gaba ɗaya kamar hadari, suka dunƙule a jikin gwafa, suka shige amyar Baba. Kika tsaya riƙe da muciya kina ta salati a hankali.

Amma garin ba lafiya. Maza na taruwa a bakin masallaci suna magana ƙasa-ƙasa, da an ga baƙuwar mota sai a yi tsit. Labarin da ke zuwa daga wajen Talata Mafara da Bakura babu daɗi: an hana mutane shuka, manoma sun tare hanya, an kama wasu. Kuma can Baba yake. Babu saƙo, babu wanda ya ce ya gan shi. Kullum da safe sai ki aike ni bakin hanya in tambayi masu jakuna, in dawo hannu biyu.

A cikin wannan hali ne muka ji ihun Luba. Ta kwantar da jaririyarta a gindin danga, zuma ta harbe ta a leɓe. Kika tsallaka kika cire ƙarin da farce, amma kafin a ce me, fuskar yarinyar ta kumbura, numfashinta na fita da ƙyar yana ƙara. Aka ɗora Luba a jaki da ita, aka yi bakin titi neman motar asibiti.

Bayan la'asar Mani ya dawo shi kaɗai. Ya baro su can, ba a san ko za ta tashi ba. Ya tsaya a ƙofar zaurenmu da damin kara da kwalbar kananzir, maza na bayansa. Ya ce, “An ɗauke min gona na yi shiru. Ba za a ɗauke min ɗiya ba. Kafin a kira magariba a fitar da abin nan, in ba haka ba wuta zan sa, ko da za ta ci layin ga baki ɗaya.”

Kuma da ta ci, Inna. Dangogin duk na kara ne, ga iska, ga rumbuna. Liman ya ba shi haƙuri, bai ji ba. Aka nemi namijin da zai ɗauke amyar, kowa ya sunkuyar da kai, don masu sana'ar duk sun watse. Daga bayan danga kika ce, “Malam Mani, gaskiyarka. Aje kwalbar. Ni za ni fid da ita.”

Ba ki taɓa taɓa amya ba a rayuwarki, kallon Baba kawai kike yi daga nesa. Kika sa na hura busasshen kashin shanu a kasko. Kika naɗe hannuwanki da tsumma, kika yafa tsohuwar rigar Baba. Na kara hayaƙi a bakin amyar, kika toshe shi da tsumma da laka, kika kwance igiya, kika yi bisimilla kika ɗora ta a kan gammo. Ina jin gurnaninsu a ciki kamar tukunya na tafasa.

Muka fito. Mazan suka dare biyu. Akwai wata aduwa guda da ta tsira a bayan gari, can kika nufa, kina tafiya a hankali, ni ina gefenki da kasko. Mun wuce gidan ƙarshe ke nan lakar ta tsage. Na ga sun fara fitowa, suna sauka a wuyanki, suna shiga ƙarƙashin rigar. Mutanen da suka biyo mu suka juya da gudu. Ni ma ƙafata ta ja baya.

Ni ce 'yar farinki, ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke” ko “ɗiyata”. Ranar kin kira. “Balkisu! Matso da hayaƙin. Idan na yar da ita gari za su koma.” Na matso. Hayaƙi na shiga idona, ina kuka, su ma suna harbina, amma ke hannuwanki biyu na sama, ba ki da abin kare fuska. Haka kika kai gindin aduwar, kika cusa amyar a tsakanin rassa, kika ɗaure, sannan kika yarda kika durƙusa. Ana kiran magariba na jawo ki gida, idanunki sun rufe ruf.

Washegari kina kwance cikin zazzaɓi na ji ƙarar hauya a bayan ɗaki. Mani ne, yana nome gadagin, yana sassare ganyen albasar. Na zabura, kika riƙe zanena kika ce, “Ƙyale shi. Ɗiyatai na asibiti.”

Allah ya yi yarinyar na da sauran kwana. Da suka dawo, Luba ta shigo da ƙwaryar fura, ta zauna a bakin gadonki, ta ɗora miki jaririyar a cinya. Ba wadda ta ta da zancen a cikinku.

Baba ya dawo bayan an gama girbi, ya rame, yana ɗingishi. Har ya bar duniya bai faɗi abin da ya gani a can ba. Da aka ba shi labari ya fita. Na bi shi daga nesa, na hango shi zaune a gindin aduwar, kansa a sama, har rana ta karkata.

Hauyar Mani ba ta kai inda kika binne albasar ba, gadagin kuma ya riga ya zubar da iri. Da bazara ta zagayo suka fito, har ta cikin gidansa. Na ga ya tsaya a kansu da hauya a kafaɗa, ya daɗe, sannan ya wuce gona.

Idonki na hagu bai sake buɗewa sosai ba. Na yi shekaru ina kallonsa ina so in tambaye ki ko kin ji tsoro, kunya ta hana ni, har aka ɗauke ki. Yanzu na girmi shekarunki na wancan lokaci, na haifa, na yi zaman jiran wanda ban san ko yana raye ba, ba sai na tambaya ba. Kin ji, Innata. Kin ji ƙwarai, kuma ba ki sauke hannu ba.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sanyaya makwancinki, ya haskaka idanunki biyu da ganin rahamarsa. Ya jiƙan Baba da Mani da duk waɗanda aka tayar tare da mu. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya sada mu inda ba a ƙara cewa kowa ya tashi.

Taki har kullum,
Balkisu