Hanyar Makara

Daren Laraba, garin Gulma

Yau ma masu awon hanyar jirgin ƙasa sun dawo. Sunka kafa turakunsu masu jan fenti daga bayan gari har gonar Malam Ummaru, sunka yanke hanyar da muke bi da makara zuwa maƙabarta.

Na iske babbansu, wani injiniya ɗan Birnin Kebbi, shina cin gyaɗa gindin giginya. Nic ce, "Yaro, ta ina za mu ƙetara da mamaci?"

Yac ce, "Baba, maƙetarar tana can wajen titin Argungu. Nan tudu za a yi, a ja waya."

Nic ce, "Ka taɓa ɗaukar makara a kafaɗa da rana tsaka?"

Yac ce su a mota suke kai nasu. To.

Ta hanyar nan anka bi da kakana, da ubana, da matata Hajo. Akwai tsamiyar da ake tsayawa a canza kafaɗa, kowa ya san ta. Maigari yac ce in yi haƙuri, jirgi zai kwashe muna shinkafa da albasa zuwa kudu. Ban ƙi ba. Injiniyan yac ce zai kai maganar sama, amma idonshi na kan gyaɗarshi.

Guiwata na ciwo. Na kira ɗana Sani nig gaya mashi, in ta Allah ta kasance kafin su shimfiɗa ƙarfe, a bi da ni ta tsohuwar hanya. Yac ce, "Haba Baba, bar wannan magana."

Sun ce aikin da sauran lokaci. Ina jin zan riga su.