Sunanki Ne a Kan Aikina, Dije

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga taubashiyata Hadizatu, wadda duk dangi ke ce wa Dije. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen Legas da kika koma cikinsu, ina sanar da ke cewa mahaifiyarki Gwaggo tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan nata. Innata ma tana gaishe ki daga Wara. Ruwa ya ja baya sosai bana, zafi kuwa ba a magana.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ai na kira, sau biyu a watan nan. Na farko muka ƙare a hirar mangwaro. Na biyu na ce miki cajina ya ƙare, alhali wayar tana jone da wuta. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na kawo maganar nan inda mutane ke karantawa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai 'yar mugunta a ciki. Ina so idon jama'a ya ɗan yi miki nauyi, don ni ma sunanki ya shekara yana yi mini nauyi.

Ga abin da ke tafe da ni. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardun shirin nan da ya ɗauke ki bara, wanda ake zaɓen ɗalibai daga ƙasashe daban-daban su yi dogon hutu suna aiki a kan manhajojin da rubutunsu yake a buɗe, kowa na iya dubawa ya kawo gyara. Bana ni ma na nema. Na cike komai a fom ɗin, saura gurbi ɗaya, wanda aka ce mutum ya nuna gyare-gyaren da ya taɓa yi wa manhajar. Hannuna yana cikin gyara goma sha biyu, kin sani, na sani. Amma duk wanda ya buɗe shafin aikin, sunanki zai gani a kan kowane ɗaya.

Kin tuna barandar Gwaggo a Yelwa? Bayan la'asar, kwandunan bandar kifi jere a gefe suna jiran motar kudu, mu biyu a kan tabarma ɗaya, gaban laftof ɗin da babanki ya saya miki. Ke ce kika samo mana manhajar, wadda ƙananan asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta. Ke ce mai Turanci mai santsi, mai iya rubuta wa masu kula da aikin saƙo har su yi dariya. Ni ce mai taurin kai. In kod, wato rubutun manhajar, ya ƙi tafiya, ke sai ki tashi ki je shan ruwan sanyi, ni sai in zauna da shi har ɗayanmu ya gaji, kuma ba ni ce ke fara gajiya ba.

Kuskuren nawa ne, bari in riga ki faɗa. Kwamfuta tana manna sunan mai ita a kan duk gyaran da aka tura daga cikinta, kuma kin gaya mini tun satin farko. Kika ce, “Ke Ma'u, buɗe naki akawun mana, abin ga ba shi da wuya.” Ni kuma na harare ki na ce, “Jirgi guda muke, mi za mu yi da suna biyu?”

Ba iya shege nake yi ba ranar, da gaske nake. Ke kin tashi a gidan kasuwa, inda kowane kwando ke da alamar mai shi. Ni na tashi ina ganin Baba da abokin fitarsa ruwa, ɗaya na tuƙi, ɗaya na jefa birgin kamun kifi, in sun dawo gaɓa a zube kifin a kasa shi biyu, ba mai tambayar wane hannu ya jawo ragon ruwan nan. A Wara, in ka ce a rubuta wanda ka kama da kanka, ka zagi abokinka ke nan. Har kunya na ji da kika kawo maganar. Na ɗauka duk duniya haka ake rabo idan an dawo gaɓa.

Sai ga lokacin da Inna ta kwanta, na tafi Wara jinya da laftof ɗinki, sati uku. Kin san sabis ɗin can, sai mutum ya gangara kusa da inda jirage ke tsayawa, shi ma yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. A can na gano cewa in sabis ya yanke ana tsakiyar shigar da bayanan majiyyaci, komai ɓacewa yake yi. Masu aikin ba su taɓa lura ba, don su sabis ba ya yanke musu. Kullum in Inna ta samu barcin hantsi sai in sauka bakin ruwa in zauna a kan wani kifaffen jirgi, mata masu wanki suna tambayata ko fim nake kallo. Rana ta ƙona mini wuya, ƙuda suka saba da ni. Ranar da gyaran ya yi, na tashi na yi rawa ni kaɗai, har wata tsohuwa ta yi mini addu'ar samun sauƙi.

Wannan gyaran ne suka ambata da suka sanar an ɗauke ki. Na karanta sanarwar fiye da sau ashirin. Suka ce kin fahimci halin da asibitocin karkara ke ciki. Ke, Dije, da ko kwana biyu ba kya iya yi a Wara sai kin fara kukan sauro!

Ni ban nema ba bara, gaskiya ne. Na ji tsoron Turancina, na ce ki fara shiga ki gano mana hanya. Kika rungume ni ranar da sakamako ya fito, kika ce namu ne mu biyu. Na yarda. Na taya ki guga, na raka ki tasha da suka kira ki aiki Legas bayan an gama, na ɗaga miki hannu har motar ta sha kwana. Da na dawo gida na shiga banɗaki na yi kuka, kuma ba duka kukan ne na kewa ba.

Ina ƙyashinki, Dije. Na faɗa, na huta. Ina ƙyashin hotonki na wurin taron masu manhaja da kika je, da katin suna rataye a wuyanki a kan hijabi. Na danna miki alamar zuciya, sannan na buɗe hoton na faɗaɗa shi ina neman abin kushewa, ban samu komai ba sai takalminki da bai dace da kayan ba, kuma da wannan na yi ta rarrashin kaina har kwana uku. Ina ƙyashin yadda Gwaggo ke zagaya rumfunan kifi da waya a hannu tana cewa, “Ku diba ɗiyata, cikin duniya duka ita anka zaɓa.” Na rufe ganin abubuwan da kike sakawa, sai kuma in koma in buɗe da kaina in duba. Har sabon laftof ɗinki na tsana, ban ma taɓa ganinsa ido da ido ba.

Inna ba ta san kod ba, amma ta san zama. Da labarin ya kai Wara, ta dube ni ta ce, “To ke hwa? Ba tare kuke zama gaban abin ga ba?” Na ce mata rabo ne. Ta ci gaba da gyaran kifinta, ba ta sake tambaya ba, kuma da ta sake da ya fi mini sauƙi.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Gyara na sha biyun ne ya tsaya mini a wuya.

Kin bar mini tsohon laftof ɗin da za ki tafi, Allah ya saka da alheri. Wata biyu bayan tafiyarki na yi wani gyara ni kaɗai, na buɗe akawun ɗina kamar yadda kika ce tun farko, ina ta murna yau sunana zai fito. Ashe ban canza sunan da ke cikin na'urar ba, kuma tana shiga akawun ɗinki ne da kanta. Na tura, na duba, sai ga Hadiza. Kina Legas, sunanki yana aiki a Yelwa! Na yi dariya har hawaye. Na ce bari in jira ki gani ki kira ni mu yi dariyar tare, ki gaya musu an yi kuskure.

Washegari babbar mai kula da aikin ta rubuta a ƙasa tana gode miki, ta ce kullum ba kya ba su kunya. Ke kuma kika saka mata alamar babban yatsa. Shi ke nan. Ba ki kira ba.

Na ba ki uzuri iri-iri. Na ce wataƙila aiki ya yi miki yawa kika danna ba ki karanta ba. Na ce wataƙila kunya ta kama ki, kin ga in kika buɗe baki a kan na sha biyu, za a tambaye ki na Wara. Wani lokaci kuma sai zuciyata ta ce mini a'a, kin saba ne kawai, yabon ya yi miki daɗi. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma rashin sanin ya fi cina.

Tun daga nan gyara ɗaya tak na samu aka karɓa da sunana, layi uku, na wani maɓalli da ya karkace. Shi ne duk abin da Asma'u ta mallaka a idon mutanen nan.

Saura abu ɗaya da dole ki ji daga bakina. Har shekaranjiya akawun ɗinki a buɗe yake a laftof ɗin nan. Da hantsi na zauna a barandar Gwaggo na shiga shafin aikin a matsayinki, na rubuta cewa ni Hadiza ina shaida wa masu kula da aiki cewa gyaran sabis da na sha biyu na 'yar'uwata Asma'u ne, sauran kuma tare muka yi. Na ma kwaikwayi irin barkwancinki, ya fito sak. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Yatsana yana kan maɓallin turawa, Gwaggo tana gefe tana jan carbi, ba ta san abin da ake ciki ba. Na daɗe a haka. Sai na gane ba fom ɗin kaɗai nake son cikewa ba, so nake in ji ke kin faɗa. Na goge rubutun, na fita daga akawun ɗin. Ban san lambobin sirrinki ba, don haka ko na canza ra'ayi ba ni da hanyar komawa.

Yanzu ke kaɗai ke iya rubuta layukan nan. Na san ba kyauta ba ce ƙarama. Za su iya tambayarki abin da ba kya son amsawa, wataƙila mai yabonki ta rage fara'a. Ba na so a ƙwace miki komai, wallahi, ko a ranar da ƙyashin ya fi tsanani ban roƙi Allah ya sauke ki ba. Kin yi aikin hutun nan da hannunki, kin cancanci wurin da kike. Ni dai nawa nake so a kira da sunana.

Zan bar gurbin a buɗe har la'asar ɗin Alhamis. In kin rubuta, in nuna musu. In ba ki rubuta ba, zan saka layi ukuna in tura haka nan, in sun ƙi ni in sake nema baɗi. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne ki dawo hutun Sallah, mu zauna cin tuwo a kwano ɗaya, ina sane kin karanta wannan kin yi shiru.

Ke ce kika koya mini kunna kwamfuta, ke ce kika riƙa gyara mini Turanci ba tare da kin yi mini dariya a gaban mutane ba. Ina kewarki fiye da yadda nake ƙyashinki, ko da yake wasu ranakun sai na auna da kyau.

Allah ya tsare ki a garin mutane, ya ƙara miki ɗaukaka, ya sa albarka a abin da kike samu. Allah ya wanke mini zuciyata daga abin da ke cikinta, ya ba ki ƙarfin halin da ni na rasa a waya. Ya bar mu tare, amin.

Taki, mai duba shafin nan safe da yamma,
Ma'u
Yelwa, Yauri