Kumburin Sa'ade Ba Tamowa Ba Ne

Zuwa ga mai girma babban likita mai kula da asibitocin karkararmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Maijirgi. Tsoro ne ya sa na rubuto, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da fushi.

Na ɗaya. 'Yata Sa'ade, wadda ta shiga lekol, wato makarantar boko, bana, tana da ciwon kumburi. Haka kawai leɓe ko ido ko hannu zai tashi, babu ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki ya sace. Gadonmu ne. Mahaifina ya yi shi, ƙanwata Rabi ma haka.

Na biyu. Duk zuwanmu ƙaramin asibitinmu, majo mai duba marasa lafiya ya dube ta ya ce tamowa ce, ya miƙo mana abincin yara masu yunwa. Ranka ya daɗe, rumbuna cike yake da gero. Wace yunwa ce ke kumbura leɓe ɗaya ta bar ɗaya? Da na nace aka tura mu asibitin Tasawa, kafin amalanke ta fid da mu daga yashi kuma layi ya zo kanmu, fuskar ta koma daidai. Na nuna hoto a salula, aka ce mu dawo in ta kumbura.

Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Kwanan nan abin ya taɓa mata maƙogwaro, muryarta ta dishe. Mahaifiyata ta ce belu ne, tunda asibiti ya kasa, a kira wanzami ya cire. Haka aka yi wa Rabi. Ni na riƙe mata hannuwa. Wuyanta ya toshe a gabana, ba ta kai la'asar ba. Ina ta hana tsohuwa, amma da me zan ci gaba da hana ta, alhali babu likitan da ya kira ciwon da sunansa?

Roƙona: a tura mu inda za a gwada jininta. In akwai magani, a aje shi kusa da mu. A faɗa wa majo abin da zai yi in numfashi ya tsaya. Kuma a gargaɗi wanzamai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya naka 'ya'yan. Kaka ta kusa, zan tafi girbi, Sa'ade kuma wurin kakarta za ta wuni. Ka ba ni amsa kafin nan.

Wassalam.

Sanusi, mahaifin Sa'ade