Hulunan da Meram ta wanke

Litinin, 10 Oktoba 2022

Komadugu ta cinye unguwannin bakin ruwa. Meri, wato ofishin magajin gari, ta turo iyali uku zauren tsofaffin sojoji. Na ce ban yarda ba. Ari ya ce, "Sarjan, zaure ne fa, ba kabari ba." Shi da ko bulo ɗaya bai ɗauka ba lokacin ginin, wai bayansa! Mu muka buga tubalin nan da hannunmu bayan mun ajiye kaki, muka ciko shi a amalanke daga bakin kogi. Cikin waɗanda suka fara ƙungiyar, ni da shi kaɗai muka rage.

Laraba, 12 Oktoba

Dokarmu ce tun farko: wanda ya rasu, a rataye hularsa ta soja a ƙusarsa, da guminta da ƙurarta, ba mai taɓawa. Yau na tarar da su duka a kan igiya suna ɗiga. Meram ce, ɗaya daga cikin baƙin, 'yar garin Baroua da bindiga ta koro, yanzu kuma ruwa. Na yi mata ihun da ban taɓa yi wa kurtu ba. Ta ce, "Baba, datti na gani. Ba mu da abin ba ku, sai wanki."

Yanzu wa ya san ta wane ce wacce?

Juma'a, 14 Oktoba

Ran Litinin zan je meri a kwashe iyalan nan. Ari ya ce sai dai tanti a fili, ga sauro, ga goyon Meram.

Lahadi, 16 Oktoba

Ni da Ari mun zauna rarrabe hulunan. Ta Muhsinu kawai na gane, saboda ƙunar taba. Meram na gefe, ta kasa ɗaga ido. Can ta ce, "Wannan mai taba, yaya yake?" Na fara ba ta labari. Daga shi sai Abba, sai kaporal Zarami mai tsoron kwaɗo. Har la'asar ta kusa wuce ni. Na manta rabon da wani ya tambaye ni su. Na yi kewarsu ƙwarai.

Litinin, 17 Oktoba

Na je meri. Layi ya yi tsawo, gwiwata ba ta son tsayuwa, na dawo. A hanya na sayi ragar sauro na kafa a tagar da ke wajen shimfiɗar Meram. Dama tagar tana buƙata.